Mutumin da Yake Kiran Autanmu Kofur

Har yanzu in na ji muryar namiji tana fitowa daga waya a wurin da yara suke, sai na saki abin da ke hannuna na je na leƙa. Rannan na yi wa wata mata haka a harabar coci, ashe da mijinta take magana, ɗanta ne kawai ya riƙe mata wayar. Ta bi ni da kallo kamar ta ga mai taɓin hankali. Ban ga laifinta ba, ba ta san abin da ya shigo mana gida a daminar da ta wuce ba.

Baba soja ne. Ba a bariki muke zaune ba, muna cikin garin Zuru a gidan da kakanmu ya bari, amma zamanmu da na 'yan bariki duk ɗaya ne, jira. A lokacin an tura su wajen Bena, inda mutanen daji suka hana manoma sakat. Da zai tafi ya bar wa Mama tsohuwar wayarsa, babba mai shafawa, don in ya samu sabis ya kira mu ga fuskarsa. Mama ba ta yi boko ba. Ta san lambobi, ai 'yar kasuwa ce, ta san kore na ɗauka ne ja na kashewa, iyakarta ke nan. Ni ce na gama sakandare ina zaune a gida, don haka duk abin da ya shafi wayar ni ake kira. Sai autanmu, wanda bai cika goma ba, amma yatsunsa sun fi nawa sanin hanya a kan gilashin nan.

Bakinsa ne ya fara ba ni tsoro. Muna cin tuwon rana akuyar maƙwabta ta leƙo, sai ya ɗaga ludayi ya saita ta, ya rufe ido ɗaya.

"Harbi ɗaya. Na fasa kanta."

Mama ta yi dariya ta ce, "Jinin ubansa ne."

Ni ban yi dariya ba, don Baba ba ya irin wannan magana. In ya zo gida ko kaza zai yanka sai ya kore mu daga wurin. Na karɓi wayar na ce Auta ya nuna mini abin da yake yi da ita. Ya nuna mini da murnarsa. Gem ne na harbi, mutane da bindigogi suna farautar juna a cikin rusassun gidaje. In an harbe ka jini ya fantsama a gilashin, in ka faɗi ba ka mutu ba wani ya zo ya ƙarasa ka da wuƙa. A gefe an rubuta sha takwas da alamar ƙari, wato ba na yara ba ne. Na tambaye shi inda ya samo.

"Yaya, kowa na da shi fa. A wurin mai caji ake turawa."

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ita ta nuna mini makullin iyaye. Ashe a cikin wayar akwai inda za ka sa shekarun yaro, sai ta ƙi karɓar duk gem ɗin da ya fi ƙarfinsa, babu abin da zai shiga sai an buga lambar sirri. Har lokacin wasa ana yanke masa, in ya cika wayar ta rufe kanta. Na goge gem ɗin. Ranar da zan sa makullin muka aiki Auta sayen daddawa can nesa, muka shiga ɗaki muka tura ƙofa, muna magana ƙasa-ƙasa kamar masu shirya sata.

"Mama, wace lamba za a sa? Ke ma sai kin riƙe ta, don in wayar ta rufe ba na nan."

"Ni kaina ba ya riƙe sabon abu. Sa ta babanku."

"Ta wayarsa?"

"Ta aikinsa mana. Ita ce ko daga barci aka tashe ni zan faɗa."

Na buga ƙarshen lambar sojan Baba. Ba ta ma faɗa mini ba, hannuna ne ya buga da kansa. Muka buɗe ƙofa muna jin mun yi dabara.

Auta ya yi kuka, ya yi birgima, ya ƙi cin abinci, ya ce in Baba ya dawo sai ya sa an kulle ni a gadirum ɗin sojoji. Ana nan, sai ya daina. Wannan dainawar ce ta tsaya mini a rai. Yaron da aka ƙwace wa abin da yake so, ya wayi gari yana fito yana share tsakar gida ba a sa shi ba? Ruwa ba ya tsami banza. Na fara lura. In na ɗauki wayar da la'asar sai na ji bayanta da zafi kamar an ɗauko daga kan murhu. Datar da Mama ke sawa don kiran Baba ta riƙa ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Na duba fuskar wayar sama da ƙasa, babu gem sai na ƙwallo da na bar masa. Makullin yana nan yadda na sa shi.

Zargina ya fara sauka a kan mai cajin bakin titinmu, inda muke kai wayar in an ɗauke wuta. Na same shi cikin rumfarsa, janareto na ta ƙara, samari sun cika benci.

"Malam, kai kake tura wa yara gem ɗin harbi?"

"Ke 'yar soja, mi na yi kuma? Dubi wayoyin da ag gabana. Ni zan zamna in buɗe ta gidanku? Wanga makulli da kika sa, ni boka ne da zan san shi?"

Na ce, "Wa ya faɗa maka na sa makulli?"

"Ƙanenki mana! Wa bai ji ba? Ya ishe mu da kuka har kajin unguwa sun san Yaya ta kulle waya."

Samarin suka fashe da dariya, wani ya ce in zo in kulle masa tasa ko budurwarsa ta daina bincike. Na juya na tafi, amma ban yarda da shi ba. Daga ranar na koma kai wayar gidan wata maƙwabciya mai sola, ina zaune a kanta har ta cika. Zafin bai daina ba, data ba ta daina ƙarewa ba. Na zargi ɗan maƙwabciyar. Na zargi ƙawar tawa da ta koya mini, na ce ko akwai wata ƙofar baya da ta sani ta faɗa wa ƙannenta su kuma suka yaɗa. Har Mama na zarga, don na san zuciyarta a kan auta.

"Mama, ba ke kike buɗe masa ba in na fita?"

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Ni za ki tsare da tambaya a gidan mijina? Tun yaushe aka ba ki igiyar soja?"

Sai dai a lokacin ba ni kaɗai ce mai zargi a Zuru ba. Ko'ina ka zauna zancen ke nan, masu kai wa mutanen daji rahoto. An ce mai sayar da ruwa, an ce ɗan kabu-kabu, an ce wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari. Matan sojoji sun daina faɗin inda mazansu suke ko a wurin addu'a, sai dai su ce a tuna da masu tafiya.

Cikin haka Baba ya kira da labari mai daɗi, an ba shi fas na hutu zai zo gida. Mama ba ta iya kara waya a kunne ba, kullum a sifika take sawa ta ɗora a kan turmi mu kewaye ta. Ya ce Asabar zai taso, cikin kayan gida, ya hau kabu-kabu zuwa Ribah, daga nan ya shigo mota.

"Kada wanda ya ji," in ji shi. "Ko fasto."

Muka ce to. Auta ya yi tsalle ya sara wa wayar. Mama ta sayo wani jan zakara ta ɗaure a gindin mangwaro, ta kai dawa niƙa, ta sa ni wanke labulen ɗakinsu.

Ranar Juma'a da rana Mama ta tafi taron mata a coci. Hadari ya haɗo, na zagaya bayan rumbu in kwashe shanya. Sai na ji ƙarar harbi 'yar ƙarama, tatata, tatata. Na tsaya da labule a hannu. Sannan na ji murya.

"Kofur, bi bayana, bi bayana! Yawwa. Kai, yaron ga ka fi ubanka iya harbi."

Auta ya ƙyalƙyale. "Ƙarya ne, Babana ya fi kowa!"

"To ai gobe sai ka gwada mai. Goben ne dai ko? Ba a ɗaga ba?"

"Gobe ne."

"Da safe zai taso, ko sai rana ta yi? Shi ɗai, ko da abokan aiki?"

Ban san gem ɗin nan ana magana da mutane a cikinsa ba. Na ɗauka waɗanda ake harbi duk zane ne. Daga baya na gane Auta da abin kunne yake sauraro kullum, ranar ne ya lalace ya saki maganar a fili. Muryar ba ta yaro ba ce. Babban mutum ne, a natse, ba ya sauri. Hausarsa kuma ta wajenmu ce, ba ta rediyo ba. A bayansa ina jin carar zakara da babur yana wucewa, kamar yana nan bayan katangarmu.

Ban san lokacin da na fizge wayar ba.

"Wane ne kai?"

Harbin dai na ta tashi. Ina jin numfashinsa. Sai ya yi 'yar dariya.

"Af, Yayar Kofur ce? Mai makulli? Sannu da aiki."

Sunansa na gem ya ɓace daga gilashin. Na zauna a ƙasa a kan labulen da na wanke.

Na riƙe Auta a kafaɗa, ban dake shi ba. Na ce ya faɗa mini duk abin da ya gaya wa mutumin. Ya fara kuka yana lissafawa. Bena. Ribah. Kabu-kabu. Kayan gida. Ya ce abokinsa ne tun kafin in sa makulli, shi yake kare shi in an taso masa, ya ma yi masa alkawarin bindiga mai ruwan zinare. Ya ce mutumin yana son sojoji, kullum sai ya tambayi lafiyar Baba. Ya nuna mini inda ya ɓoye gem ɗin, can cikin jakar waƙoƙin cocin Mama, wurin da bai taɓa zuwa mini a rai in duba ba.

"To wa ya buɗe maka? Mai caji?"

Ya girgiza kai.

"Mama?"

Ya girgiza kai. Sai ya miƙe tsaye, ya haɗe ƙafa, ya sauke hannuwa a gefe, majina na zuba, ya rera lambar Baba daga farko har ƙarshe. Da waƙarta. Waƙar da na sani.

Kowane ɗan soja a garin nan ya san lambar ubansa kafin ya san ƙidaya. Iyaye mata ne ke koya mana, don in yaro ya ɓace a tasha ranar canjin wurin aiki, ko in wani abu ya sami uban aka je ofis, suna ba ya wadatarwa, masu suna ɗaya suna da yawa, lamba ake tambaya. Mama ta sa wa ta Baba karin waƙa, tana rera mana in tana yi mana wanka, tana cuɗa baya muna amsawa. Haka ta yi mini, haka ta yi wa Auta. Mun aiki yaro sayen daddawa, mun tura ƙofa, mun yi raɗa, muka kulle wayar da abu ɗaya da aka tabbatar ba zai taɓa mantawa ba.

"Na gwada ranar haihuwata bai buɗe ba," in ji shi. "Na gwada ta Baba ya buɗe."

Na kira Baba, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Inda suke sai an hau wani dutse ake samun sabis, shi ma sai aiki ya bari. Gobe da safe kuma zai hau babur a bayan mutumin da bai sani ba, babu kaki babu bindiga, a hanyar da wani ya riga ya sani.

Na ja hannun Auta muka yi coci a guje, ruwa ya sauko a kanmu. Na kira Mama waje na faɗa mata a kunne. Hausa ta ɓace mata, ta koma C'lela, yarenmu na Zuru, tana kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu. Matan suka fara leƙowa suna tambayar lafiya, ta gyara ɗaurin zane ta ce musu yaro ne ba ya jin daɗi. Ko a lokacin ba ta yarda ta faɗa wa kowa ba, kuma da su ta girma.

Bariki muka nufa, wurin magajiya, shugabar matan sojoji. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu ya ce, "Mama, cikin ruwan ga? Lafiya dai?" Na ƙura wa ƙeyarsa ido ina auna muryarsa da waccan ta cikin waya.

Magajiya ta saurare mu ba ta katse ba. Ba ta yi wa Mama faɗa ba, ta dai dubi Auta ta ce, "Kai ne Kofur ɗin?" Ya ɓuya a bayana. Ta yafa mayafi ta kai mu wurin wani ofisa da ke bakin aiki. Ya karɓi wayar ya dudduba, ya miƙo mana ita, ya tambayi lambar Baba. Mama ta buɗe baki, sai ta kasa, ni na faɗa. Ya ce za su yi ƙoƙarin isar da saƙo ta hanyarsu, mu koma gida mu rufe bakinmu.

Ƙoƙari ya ce. Bai ce ya isa ba.

Asabar ta waye ba mu ji komai ba. Mama ta ɗora ruwan zafi don fige zakara, ruwan ya tafasa ya ƙone ba ta taɓa wuƙa ba. Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna tana fuskantar ƙofa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a titi sai mu miƙe tare. Ban san abin da nake roƙo ba, ya shigo ne ko kada ya shigo. In ya shigo, ya bi hanyar ke nan. In bai shigo ba, ko saƙo ne ya tsayar da shi, ko wani abu ne. Auta ya kwanta a gindin mangwaro kusa da zakaran, ko ruwa ya ƙi sha.

Rana ta karkata wayar ta yi ƙara. Na shafa koren. Fuskar Baba ta fito, iska na kaɗawa, dutse a bayansa. Abin da na fara gani kakin jikinsa ne. Ban taɓa son kayan nan kamar ranar ba. Saƙo ya same shi yana ɗaure jaka. Ogansu ya ce fas ɗin ya tsaya, ba mai fita shi kaɗai sai in motocinsu za su taso.

"Ba ni Auta," in ji shi.

Auta ya zo yana jan ƙafa.

"An ce an yi maka ƙarin girma, ka zama kofur?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"To ni ban ba ka ba. Kurtu ma ya san ba a faɗin hanya. Share hancinka, ka je ka kwance zakaran nan ya sha iska, ba yau ba."

Har yau ba mu san ko wane ne ba. Ba mu ji an tare kowa a hanyar Ribah ranar ba. Da labarin ya ɗan fita, mai caji ya ce wani zauna-gari-banza ne mai son hira, irinsu sun cika gem ɗin. Wataƙila. Ofisan da ya duba wayar ma bai ce mana komai ba. Amma ni na ji yadda ya jero tambayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kuma ya san ni. In na shiga kasuwa ina sauraron maza suna ciniki, wani lokaci sai in ji wata dariya ta yi kama, in juya, in ga tsoho ne mai sayar da doya. Mai cajin nan har yanzu in na wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai makulli, a sauka lafiya!" Ban san ko tsokana ce kawai ba. Haka wancan ma ya kira ni.

Na sake lambar. Wannan ba ta kowa ba ce, ba ranar haihuwa ba, ba ta da waƙa, kuma ni kaɗai na san ta. Na toshe duk inda baƙo zai iya magana da yaro. Ƙwallo kawai Auta ke bugawa, a tsakar gida inda nake ganinsa, da sauti a buɗe. In wayar ta rufe ina kasuwa, Mama sai ta jira ni kafin ta nemi mijinta. Ta yi ƙorafi sau ɗaya, ba ta sake ba.

Baba ya zo daga baya, bayan an fara yankan dawa. Ba sanarwa. Mama na tankaɗe ta ɗaga kai ta gan shi tsaye da jaka, garin ya zube mata a cinya. Zakaran ya riga ya yi tauri, haka muka ci shi. Da zai koma ma sai da muka ga yana ɗaure takalmi muka sani.

Yanzu in ya kira, muna kewaye turmin kamar da. Ya tambayi makaranta, ya tambayi gona, ya tsokani Mama a kan ta yi ƙiba. Can Auta zai matso da fuskarsa kusa da gilashin.

"Baba, yaushe za ka zo?"

Baba ya dube shi, ya dube mu.

"Sai ka gan ni," in ji shi.